Idan teku ya cinye layin dogo, yaya ake gyara shi?

Tun da aka aza harsashin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairun 2021, hirar jirgin ƙasa ta shiga majalisunmu. Layin kilomita 284 ne, zai bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Yawancin hirar ta tsaya kan ranar da jirgi zai iso, ba a cika tambayar abin da zai faru ran da ruwa ya yanke hanyar ba. Layukan da ke bakin teku sun fi kowa sanin wannan matsala, shi ya sa za mu duba yadda ake gyara su.

Mu da ba mu da teku, ina ruwanmu da wannan magana?

Shinkafa da man girki da kayan gyaran mota da ke cika kasuwar Maraɗi, mafi yawansu ta teku suka shigo, daga Kwatano ko Lome ko Legas. Duk abin da ya tsayar da kaya a bakin tasha, sai ya iso aljihunmu. A watan Afrilun 2022 ambaliya ta lalata layin dogon da ke kwasar kwantena daga tashar Durban ta Afirka ta Kudu, kuma ƴan kasuwar da ke can nesa da teku ma sun ji a jikinsu. Ban da haka, yadda teku ke karya layin dogo bai yi nisa da yadda korama ke karya shi ba.

Ƙarfen dogo da nauyinsa, ta yaya ruwa zai iya da shi?

Ai ba ƙarfen ruwa ke nema ba, abin da ke ƙarƙashinsa yake ci. Layin dogo hawa-hawa ne: ƙarfe biyu a sama, a ɗaure kan sandunan kankare ko katako da aka jera a gicciye, su kuma suna zaune cikin farfasasshen dutse, dutsen yana kan cikon ƙasa da aka daddanne. A bakin teku akwai katanga da ke riƙe wannan ciko. Wanda ya taɓa ganin yadda ruwan damina ke cin gindin katangar laka har ta kife alhali samanta lafiya lau, ya gane aikin. Igiyar ruwa tana dukan katangar, tana kwashe yashin da ke gindinta, tana kutsawa cikin kowace tsaga. Da zarar dutse ɗaya ya fita, ruwa ya sami ƙofa, sai ya riƙa zuƙe cikon daga baya.

Ɓarnar ta fi muni idan abubuwa uku suka haɗu. Teku yana cika ya janye kusan sau biyu a kowace rana, kuma cikar ta fi girma lokacin tsayuwar wata da tsakiyarsa. Guguwa tana zuwa da raguwar nauyin iska, wanda ke sa ruwan ya ƙara tasowa. Sai iskar kanta ta turo manyan igiyoyi gaɓa. Ran da ukun suka faɗo a dare ɗaya, katangar da ta yi shekara ɗari tana tsaye tana iya tafiya kafin asuba.

Akwai inda hakan ya faru a zahiri?

Garin Dawlish da ke kudu maso yammacin Ingila. Injiniya Isambard Kingdom Brunel ne ya shimfiɗa layin tsakanin tsauni da teku, aka buɗe shi a 1846. A farkon Fabrairun 2014 guguwa ta rushe kimanin mita 80 na katangar, ta kwashe cikon, aka wayi gari ƙarfen dogo yana reto a sama babu komai a ƙarƙashinsa. An kwashe mutane daga gidajen da ke bayan layin don ramin ya kusa kai wa ga gindinsu. Kuma wannan ne kaɗai layin da ke haɗa birnin Plymouth da yankin Cornwall da sauran ƙasar.

To da me ake farawa?

Da hana ramin ƙaruwa, domin teku ba ya jiran a gama shawara. A Dawlish ma'aikatan Network Rail, hukumar da ke kula da layukan dogon ƙasar, sun jera kwantenonin dakon kaya a gaban wurin da ya fashe, suka haɗa su da walda, suka cika su da duwatsu da ɓaraguzai, suka zama garkuwar wucin gadi. Sun kuma fesa kankare a jikin ƙasar da ta tonu don kada ta ci gaba da zubewa. Wannan dabara ta kwantena tana burge ni, domin abin da ke hannu aka ɗauka aka yi aiki da shi, ba a zauna jiran kaya na musamman ba.

Ko da haka, a ranar 14 ga Fabrairu wata guguwar ta sake zuwa, ta daki kwantenonin, ta faɗaɗa ɓarnar. Ba don garkuwar ba, da abin ya fi haka. Aikin bakin teku ke nan: lokacin aiki ba agogon ofis ne ke tsara shi ba, janyewar ruwa ce. Idan ruwa ya ja da ƙarfe biyun dare, a lokacin za a shiga da injina, a fito kafin ya dawo.

Bayan an tare ruwan fa?

Sai gini daga ƙasa zuwa sama. A zuba sabon harsashi na kankare da rodi, a tayar da katanga, a cike bayanta, a bar mata ƙofofin da ruwa zai riƙa fita, don ruwan da ya maƙale a bayan katanga yana iya ture ta daga ciki. Sannan a zuba sabon dutse. Tsohon da ya gauraya da yashi da laka ba ya amfani, saboda aikinsa shi ne ya riƙe layi ya kuma bar ruwa ya wuce. A jera sanduna, a ɗora ƙarfe, a kawo injin da ke girgiza dutsen yana cusa shi ƙarƙashin sanduna har layin ya daidaita.

Akwai aikin da ido ba ya gani: wayoyin sigina da na sadarwa da ke bin gefen layi. Ruwan gishiri yana cinye su, kuma jirgi ba ya tafiya babu sigina, komai kyan ƙarfen. Daga ƙarshe a gwada layin, jiragen farko su wuce a hankali har dutsen ya zauna.

A Dawlish wata matsalar ta ɓullo daga ɗaya ɓangaren. Tsaunin da ke kusa da Teignmouth, garin da ke maƙwabtaka da Dawlish, ya sha ruwan sama ya fara zamewa, ƙasa tan 20,000 ko fiye tana shirin rufto wa layin. Maimakon a jira ta faɗo da kanta, sai aka riƙa harba mata ruwa da manyan famfuna har aka sauko da ita da gangan, aka kwashe.

Wata nawa aka yi, kuma nawa aka kashe?

Kimanin wata biyu. Ma'aikata wajen 300 sun yi aiki dare da rana, aka sake buɗe layin ranar 4 ga Afrilun 2014, a kan kuɗi kusan fam miliyan 35.

Shi ke nan an huta?

A'a. Wancan gyaran gaggawa ne, ya mayar da jirgi kan hanya kawai. Daga baya aka gina sabuwar katanga mafi tsawo a kan kusan fam miliyan 80, aka kammala a 2023. An lanƙwasa samanta ta fuskanci teku, ta yadda igiyar da ta dake ta za ta juya ta koma inda ta fito maimakon ta tsallake kan layi. A ganina wannan mataki na biyu ne ake yawan mantawa da shi, domin da zarar jirgi ya dawo sai hankalin kowa ya kwanta.

Me ya hana a kawar da layin daga bakin teku gaba ɗaya?

Kuɗi da mutane. Akwai tsohon layi ta cikin ƙasa da ke bi ta garuruwan Okehampton da Tavistock, wanda aka yanke tsakiyarsa a 1968. An yi nazarin farfaɗo da shi da kuma haƙa sabuwar hanya, aka ga tsadar ta yi yawa. Garuruwan bakin tekun kuma da jirgin suke rayuwa.

A layin Kano zuwa Maraɗi, ina ne wurin tsoro?

Wuraren da zai tsallake gulbi da koramu. Ƙasarmu yashi ce, ba ta da riƙo, kuma ruwanmu yakan sauko ne gaba ɗaya, kamar yadda muka gani a ƙarshen Agustan 2024 lokacin da ruwan sama ya rushe gidaje a Maraɗi aka rasa rayuka. Cikon layin dogo yana iya zama madatsa idan kwalbati ya yi ƙanƙanta ko ya toshe da yashi da leda. Ruwa zai taru a gefe ɗaya, ya shiga gonaki da gidaje, sannan ya fasa cikon. Gulbin Maraɗi da ake tsallakewa da ƙafa a rani, a Agusta wani abu ne daban.

Saboda haka tambayoyin da ya kamata ƴan majalisa da ƴan kasuwarmu su yi tun yanzu su ne: wa zai riƙa yashe kwalbatoci kafin damina, wa zai bi layin da ƙafa bayan kowane babban ruwa kafin a saki jirgi, kuma idan ya yanke tsakanin Jibiya da Maraɗi, inda ya ratsa iyakar ƙasa biyu, daga wane ɓangare injinan gyara za su taso?