Kififfiya ba kunkurun da ya faɗa ruwa ba ce

A Kumasi, daga Aboabo zuwa Asawase, sau da yawa in aka kama kififfiya a rafi sai a ce kunkuru ne, a ajiye ta a busasshen kwando, a zuba mata latas. Kuskure ne, kuma wahala take sha.

Ku dubi wuyanta. Kunkurun tudu yana janye kansa kai tsaye zuwa ciki. Kififfiyar ƙoramunmu, wadda masana ke kira Pelusios, lanƙwasa wuyan take yi gefe guda, ta kwantar da kai ƙarƙashin bakin ƙoƙo. Sannan ku kife ta: a gaban ƙoƙon ƙirjinta akwai gaɓa mai motsi da take rufewa kamar murfi. Kunkurun dajin Asante, Kinixys, tasa gaɓar a bayan ƙoƙon sama take. Yatsun kififfiya kuma akwai fata tsakaninsu, don iyo.

Dangantakarsu ta yi nisa ƙwarai. Ko wata irin kififfiya mai laushin baya ta tafkin Volta ta fi Pelusios kusanci da kunkurun tudu.

Abincin kififfiyar ƙoramunmu galibi dodon koɗi, tana, ƙwari da ƙananan kifaye, kuma cikin ruwa take haɗiye su. In kun tsince ta, ku mai da ita rafin da aka ɗauko ta.