Madatsar yashi: yadda ake ɓoye ruwan damina a cikin rafi don rani

Mece ce madatsar yashi?

Katanga ce ta dutse da siminti da ake gittawa a rafin da ke gudu da damina ya ƙafe da rani. Ambaliya na kawo yashi ya taru a bayanta har ya cika, ruwa kuma ya zauna a cikin yashin. Duk wanda ya taɓa tona yashin rafi da bazara ya tarar da ruwa ya san tushen abin, katangar kawai hana ruwan nan zurarewa take yi. An fi gina irinta a Kenya, a yankunan Machakos, Kitui da Makueni.

Me ya sa ba za a haƙa tafki kawai ba?

Ruwan tafki a fili yake, zafin Maris da Afrilu na shanye shi, shanu na shiga, sauro na hayayyafa. Na cikin yashi kuwa, rana ba ta cin abin da ya wuce kamar santimita 60 na sama. Dam irin na Bakolori kusa da Talata Mafara aikin gwamnati ne, wannan kuwa ƙauye ɗaya da magini ƙwararre za su iya yi.

Ko'ina a Zamfara za ta yi?

A'a, kuma nan ne aka fi yin asara. Dole harsashin katangar ya hau falalen dutse ko yumɓu mai tauri, in ba haka ba ruwa zai bi ta ƙasa ya tafi. Yankunan Gusau, Tsafe, Bunguɗu da Maru, inda dutse ke kusa da sama, sun fi dacewa. Can arewa maso yamma wajen Bakura, inda ƙasa ke da zurfi, sai an yi gwaji sosai. Kada a taɓa babban gulbi kamar Gulbin Ka ko na Sakkwato, ƙananan rafukan da ke zuba cikinsu ake nema, masu faɗin da bai wuce kamar mita 25 ba, masu gaɓa mai tsayi da ƙarfi, kuma ba a kan kwana ba.

Ana gwadawa da rani. A kafa rodi a yashi daga wannan gaɓa zuwa waccan, taku biyu-biyu, a ji inda ya daki dutse. A tambayi mata da makiyaya ramin da ke riƙe ruwa har ƙarshen bazara, galibi ƙasa da shi kaɗan akwai dutsen da ya tare ruwan. Sannan a cika bokiti mai lita 20 da yashin wurin, a zuba ruwa har ya ƙoshi, a huda gindin a tari abin da ya fito. Lita 5 ko fiye, yashin mai kyau ne. Idan kusan lita 1 ce, laka ce, a nemi wani wuri.

Akwai gargaɗi na musamman ga jiharmu. Gubar dalma da ta kashe ɗaruruwan yara a Anka da Bukkuyum a 2010 daga sarrafa dutsen zinariya ta fito. Rafin da ake wanke zinariya a samansa bai cancanci madatsa ba, yashi ba ya cire dalma.

Yaya ake ginin?

A tona har a kai dutse, a wanke shi tas, a sassaƙa fuskarsa, a huda a kafa rodi don gini ya kama. Kwaɓin siminti 1 ne, yashi 3 ko 4, kuma kowane dutse a wanke shi kafin a ɗora. A shigar da fikafikan katangar mitoci da dama cikin kowace gaɓa, a ɗaga su sama da iyakar ambaliyar da tsofaffin gari suka taɓa gani, tsakiya kuma a bar ta ƙasa-ƙasa don ruwa ya tsallake ta nan. A gindin katangar, inda ruwan zai faɗo, a yi daɓen kankare idan ba dutse ba ne, don kada ya ƙwaƙule harsashi. A gama kafin Mayu, a yi ta yayyafa wa ginin ruwa safe da yamma na mako uku.

Me ya sa ake cewa kada a kai ta tsayinta lokaci ɗaya?

Saboda laka. Doguwar katanga na tsayar da ruwa cak, laka ta kwanta, a wayi gari da taɓo wanda ba ya ba da ruwa. Idan tsakiyar gajeriya ce, yashi mai nauyi ne ke zama, laka ta wuce da ambaliya. A fara da rabin mita zuwa mita 1, idan yashi ya cika a ƙara. Yakan ɗauki damina 1 zuwa 3.

Ruwa nawa za a samu, kuma ta yaya za a ɗebo?

A ce yashi ya kwanta tsawon mita 300, faɗi 20, zurfi mita 1 a matsakaici. Idan kashi 25 cikin 100 ruwa ne, an sami lita miliyan 1.5, wato jarka 60,000 mai lita 25. Hanya mafi tsafta ita ce a binne bututu mai huji-huji cikin tsakuwa a ƙasan yashin tun kafin ya taru, a haɗa shi da rijiya mai murfi a gaɓa, a sa famfon tuƙa-tuƙa. Yashi na tace ruwa, amma na sha a tafasa ko a sa sinadarin kulorin. Dabbobi a yi musu kwami can gefe.

Na ƙasa da mu ba za su rasa ruwa ba?

Kaɗan ne daga ruwan damina madatsar ke riƙewa, sauran duk yana tsallakewa. Duk da haka a zauna da su, da hakimi, da ardon Fulani tun kafin a sayi siminti, a rubuta wa ke da ikon ɗiba da lokacin shayar da shanu. A cikin yarjejeniyar a hana masu tifa kwasar yashi a bayan katangar, kuma a naɗa waɗanda za su duba tsagewa da zaizayar gaɓa bayan kowace babbar ambaliya.