Rukunonin 'Yan Mata Mawaƙa na Farko a Amurka

Rukunonin 'yan mata mawaƙa salon waƙa ne da ya yi tashe a Amurka daga wajajen 1957 zuwa tsakiyar shekarun 1960. Rukuni ɗaya yakan ƙunshi 'yan mata uku zuwa biyar, galibinsu baƙar fata masu shekarun makarantar sakandare, ɗaya tana bayar da waƙa, sauran suna amshi. Yawancinsu a coci ko a makaranta suka koyi haɗa murya. Abin da suke rerawa kuwa damuwar budurwa ce: saurayi, kishi, jiran wasiƙa, da faɗan uwa.

A birnin New York abin ya fara. A 1957 The Bobbettes suka fitar da "Mr. Lee", waƙar da suka yi wa wani malaminsu zambo, kamfanin Atlantic ya sa suka mayar da ita ta yabo. The Chantels, ɗaliban wata makarantar Katolika a unguwar Bronx, suka biyo baya da "Maybe". Amma The Shirelles na garin Passaic a jihar New Jersey ne suka buɗe ƙofar sosai. A Janairun 1961 waƙarsu "Will You Love Me Tomorrow", wadda Carole King da Gerry Goffin suka rubuta, ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard na waƙoƙin da suka fi tashe a Amurka. Budurwa ce ke tambayar saurayi ko in gari ya waye zai ci gaba da sonta, tambayar da a wancan zamani ba kasafai ake jin ta daga bakin yarinya a rediyo ba.

A Detroit, The Marvelettes ne suka fara kai kamfanin Motown matsayi na ɗaya da "Please Mr. Postman" a Disambar 1961. Daga baya The Supremes suka shafe su, suka kai wannan matsayi har sau 12. Motown ta ɗauki Maxine Powell musamman don ta koya wa mawaƙanta tafiya da zama da fita daga mota cikin natsuwa, saboda ana son su shiga gidajen rawa da talabijin na fararen fata.

Muryar ta 'yan matan ce, amma wuƙa da nama suna hannun masu kamfani da masu tsara kiɗa. Phil Spector yakan cika ɗakin ɗaukar sauti na Gold Star a Los Angeles da makaɗa, piyano biyu ko uku da jita da yawa duk suna buga abu guda, har kiɗan ya yi kauri kamar bango. Da haka aka yi "Be My Baby" ta The Ronettes a 1963. Shi ne kuma ya fitar da "He's a Rebel" a 1962 da sunan The Crystals, alhali Darlene Love da abokanta ne suka rera. Batun kuɗi ma bai yi daɗi ba: a 1988 The Ronettes suka maka shi a kotu kan haƙƙinsu, shari'ar ta ɗauki fiye da shekara goma.

Ana yawan cewa shigowar mawaƙan Ingila a 1964 ce ta dusashe salon. Akwai ƙamshin gaskiya, sai dai su ma The Beatles a nan suka sha nono: kundinsu na farko a 1963 yana ɗauke da "Boys" da "Baby It's You" na The Shirelles, da "Chains" ta The Cookies. Tsarin jagora da 'yan amshi ya sake bayyana a rukunonin da suka zo daga baya irin su En Vogue da Destiny's Child, ita kuwa Amy Winehouse ta ɗauko tulin gashin The Ronettes da kwallinsu tare da salon kiɗan zamanin a kundinta "Back to Black" na 2006. An shigar da The Supremes zauren karrama mawaƙa na Rock and Roll Hall of Fame a 1988, The Shirelles a 1996, The Ronettes kuma sai a 2007.