Diyyar sakacin likita a Kalifoniya: abin da doka ta kayyade da abin da ba ta taɓa ba

Akwai maganar da ta daɗe tana yawo cewa a jihar Kalifoniya ta Amurka, komai girman ɓarnar da likita ya yi wa majiyyaci, ko da ya nakasa shi har ƙarshen rayuwarsa, kotu ba za ta ba shi diyyar da ta wuce wani ɗan adadi ba. Wasu kuma suna ƙarawa da cewa jama'ar jihar sun kaɗa ƙuri'a an wajabta yi wa likitoci gwajin shan ƙwaya. Duka biyun ba haka suke ba.

Tushen magana ta farko dokar MICRA ce ta 1975, wato dokar jihar kan diyyar sakacin likita, wadda Gwamna Jerry Brown ya sanya wa hannu a lokacin da kuɗin inshorar likitoci ya yi tashin gwauron zabo. Dokar ta shafi likitoci da asibitoci da sauran ma'aikatan lafiya masu lasisi, kuma ta raba diyya gida biyu. Asarar da ake iya lissafawa da takarda, wato kuɗin jinya da magani da albashin da mutum ya rasa ko zai rasa nan gaba, ba a sa mata iyaka ba, kotu na iya yanke miliyoyin daloli a kanta. Abin da aka kayyade shi ne diyyar raɗaɗi da ƙuncin rai, kamar rashin ido ko ƙafa ko mutuwar ɗa, inda aka tsayar da dala 250,000, aka kuma bar adadin shekaru kusan hamsin ba tare da la'akari da tsadar rayuwa ba.

A nan ne rashin adalcin yake, a ganina. Ma'aikaci mai babban albashi yana da asarar da zai lissafa, amma jariri ko tsohuwa ko matar da ke kula da gidanta ba su da takardar albashin da za su ajiye gaban alƙali, kusan duk ƙararsu raɗaɗi ce, don haka iyakar ta fi faɗawa kansu. Lauyoyi ma, tun da daga diyyar ake biyansu, sukan ƙi karɓar irin wannan shari'a.

Batun gwajin ƙwaya ya samo asali ne daga ƙuduri mai lamba 46 da aka kai gaban masu zaɓe a Nuwamban 2014. Bob Pack ne ya jagoranci shi, mutumin da wata direba da ta sha magunguna masu bugarwa ta kashe masa yara biyu a 2003. Ƙudurin ya nemi a ɗaga iyakar zuwa kimanin dala miliyan 1.1, a riƙa gwada likitoci, a kuma tilasta musu duba rumbun bayanan jihar na magungunan da aka riga aka rubuta wa majiyyata kafin su rubuta magunguna masu sa maye. Kimanin kashi biyu cikin uku na masu zaɓe suka ƙi shi, saboda haka gwajin bai zama doka ba. Duba rumbun dai ya zama wajibi a 2018 ta hannun majalisar jihar.

Canjin iyakar ma ba ƙuri'ar jama'a ce ta kawo shi ba. A 2022 wani sabon ƙuduri ya cancanci shiga zaɓe, sai ƙungiyar likitoci da masu neman sauyin suka sasanta, aka janye shi, Gwamna Gavin Newsom ya sanya hannu kan doka mai lamba AB 35. Daga Janairun 2023 iyakar ta koma dala 350,000 idan majiyyaci yana raye, tana ƙaruwa da 40,000 duk shekara har ta kai 750,000, idan kuwa an rasa rai ta fara daga 500,000 har zuwa miliyan ɗaya. Sabon tsarin ya shafi ƙararrakin da aka shigar daga 1 ga Janairun 2023, kuma adadin da ke aiki a ranar yanke hukunci ko sasantawa shi ne ake bi.