Dokar Amurka da ta hana sayar da giya, ba ta hana shanta ba

Ranar 17 ga Janairu, 1920, gyara na 18 ga kundin tsarin mulkin Amurka ya fara aiki. Ƙungiyoyin mata da na coci-coci sun yi shekaru suna fafutukar ganin wannan rana, saboda magidanta da ke ƙarar da albashinsu a mashaya su dawo gida da duka. Gyaran ya haramta haɗa giya, sayar da ita, safararta, shigo da ita ko fitar da ita. Sha kuwa bai taɓa shi ba. Wanda ya cika ɗakinsa da kwalabe kafin ranar, ya sha abinsa a gida, hukuma ba ta da ta cewa. Masu hannu da shuni sun sami lokacin tarawa, domin tun Janairun 1919 jihohi suka amince da gyaran.

Dokar Volstead, wadda majalisa ta zartar a Oktoban 1919 duk da Shugaba Woodrow Wilson ya hau kujerar na-ƙi, ita ta fayyace abin da ake nufi da abin sa maye: duk abin shan da barasar cikinsa ta kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari. Sai dai ta bar ƙofofi a buɗe. Likita na iya rubuta wa mara lafiya wiski a matsayin magani, an kuma bar wa coci da majami'un Yahudawa ruwan inabin ibada. Wasu 'yan kasuwa ma suka riƙa sayar da curin inabi da takardar gargaɗi a jiki, wai kada a jiƙa shi a ajiye kwana da kwanaki, don zai zama giya. Mai saye ya san karatun da ake koya masa.

Shan giya ya ragu, musamman a shekarun farko, wannan ba a musu. Amma sana'ar ta faɗa hannun 'yan fasa-ƙwauri da ke shigo da ita ta iyakar Kanada da ta teku. A birnin Chicago, wani shugaban 'yan daba mai suna Al Capone ya yi ƙaurin suna, kuma a rikicin 'yan daba na birnin aka bindige mutum bakwai cikin wani gareji ranar 14 ga Fabrairu, 1929. Da aka tashi ɗaure Capone a 1931, laifin ƙin biyan haraji aka kama shi da shi. Talaka kuwa ya sha barasar masana'antu da gwamnati ta sa a gauraya da guba, wasu suka makance, wasu suka mutu.

Kuɗi ne ya kashe dokar. Bayan karyewar tattalin arziki a 1929, gwamnati ta buƙaci harajin giya da ayyukan yi. Ranar 5 ga Disamba, 1933, gyara na 21 ya soke na 18, aka mayar wa kowace jiha ikon yanke wa kanta hukunci. Jihar Mississippi ba ta janye haramcinta ba sai 1966.