Haɗa Sandar Fatsa da Hannu

Haɗa sandar fatsa da hannu sana'a ce da mutum ke ɗaukar tsurar sanda ya sa mata mariƙi, da mazaunin kwarkwaron naɗe igiya, da zobban da igiyar ke ratsawa, gwargwadon hannun wanda zai riƙe ta da irin kifin da zai nema. Masu yin ta kashi biyu ne. Mafi yawansu sukan sayi tsurar sandar daga masana'anta, ta zaren kabon ko ta zaren gilashi, su ƙarasa sauran aikin a kan teburinsu. 'Yan kaɗan kuma daga tushe suke farawa, su tsaga gora, su fere, su manne, har sandar ta fito daga hannunsu tun daga gindi zuwa tsini.

Amfanin sandar fatsa yana cikin lanƙwasarta. Da ita take cilla ƙugiya nesa, da ita take shanye fizgar kifi don kada igiya ta tsinke. Duk abin da mai haɗawa ya ɗora mata, zobe ne ko zare ko gam, nauyi ne da ke rage mata kuzari. Saboda haka rabin gwanintar sana'ar shi ne sanin abin da za a bari ba a sa ba.

Tarihi

Kafin zamanin masana'antu, mai fatsa shi ke yi wa kansa sanda. Wani littafin kamun kifi da aka buga a Ingila a 1496 ya bayyana yadda ake yi a lokacin: a saro reshe tsakanin ƙarshen Satumba da farkon Fabrairu, a gasa shi a tanda a miƙar da shi, a bar shi wata guda ya bushe, sannan a huda cikinsa da wayar ƙarfe da aka gasa a wuta, a rataye shi a hayaƙi. Igiyar kuwa da gashin wutsiyar doki ake tufka ta. A ƙarni na 19 Turawan Birtaniya sun koma ga katakon ƙasashe masu zafi, musamman wani mai tauri da nauyi da ake kawowa daga Guyana.

Babban sauyi ya zo da tsagaggiyar gora. Ana danganta farkonta a Amurka ga Samuel Phillippe, maƙerin bindiga a garin Easton na jihar Fensilbaniya, a shekarun 1840. Hiram Leonard na Bangor a jihar Maine shi ya yaɗa sanda mai tsagi 6 a shekarun 1870, ya kuma ƙera injin da ke fere tsagin daidai wa daida. Gorar da aka fi so ita ce ta Tonkin, wadda duk da sunan wani yanki na arewacin Vietnam da take ɗauke da shi, a lardin Guangdong na ƙasar Sin take fitowa, a gefen kogin Sui. Da Amurka ta sa wa Sin takunkumin ciniki a 1950, gorar ta yi wuya, kuma hakan ya zo daidai da lokacin da sandar zaren gilashi ke shiga kasuwa da araha. A 1973 kamfanin Fenwick ya fito da sandar zaren kabon, wadda ta fi duk na baya rashin nauyi, kuma ita ce mafi yawa a hannun masu haɗawa a yau.

Tsurar sanda

A masana'anta, ana yanka shimfiɗar zaren kabon da aka jiƙa da gam, a naɗe ta a jikin sandar ƙarfe mai sirancewa, a ɗaure, a gasa, sannan a zare ƙarfen. Abin da ya rage bututu ne mai kauri a gindi, siriri a kai. Abu biyu ake dubawa wajen zaɓe. Na farko ƙarfinta, wato nauyin da ake buƙata kafin ta lanƙwasa. Na biyu inda lanƙwasar take farawa: wata kanta kawai ke rusunawa, wata daga tsakiya, wata kuwa har kusa da hannu. Mai rusunawa a kai ta fi saurin cusa ƙugiya a bakin kifi, mai lanƙwasa duka kuma ta fi haƙuri da kifin da bakinsa ke saurin yagewa. Zaren gilashi ya fi nauyi amma yana jure wulaƙanci, kabon kuma ya fi isar da motsin kifi zuwa tafin hannu amma ƙaramin ƙwarzane na iya zama sanadin karyewarsa.

Tun da naɗe shimfiɗa aka yi, akwai layin da bakinta ya hau kan ɗan'uwansa, don haka wani gefen sandar ya fi wani tauri. Wannan ne ake kira ƙashin bayan sanda. Ana gano shi ta hanyar dasa gindin a kan tebur mai santsi, a tallabi kan da tafin hannu, a danna tsakiyar ta lanƙwasa, a riƙa mirgina ta a hankali. Akwai wurin da za ta yi tsalle ta zauna, ta ƙi matsawa sai an tilasta mata. Nan ake sa alama. Masu sana'ar sun daɗe suna gardama a kan ko dole ne a jera zobba bisa wannan layi. Wasu na ganin in ba a yi haka ba sandar za ta riƙa murɗewa, wasu kuma suna jerawa ne bisa gefen da ya fi miƙewa a ido. Ƙwararru daga ɓangarorin biyu suna fitar da sanduna masu kyau, abin da ke nuna cewa zancen bai kai zafin gardamar ba.

Mariƙi da mazaunin kwarkwaro

Daga gindi ake fara haɗi, domin komai ta saman sandar ake zura shi ya gangaro. An fi yin mariƙi da kwak, ɓawon wata bishiya da ke fitowa a yammacin tekun Bahar Rum. Fotugal ce ke samar da kusan rabin na duniya, kuma sai bayan shekara 9 ake sake ɓare bishiya guda. Ana sayar da shi zobe-zobe mai kaurin rabin inci, a manne su, a juya a inji ana goge su da samfefa har su dace da tafin mai sandar. Akwai kuma na soso mai tauri, wanda aka fi so a sandunan teku. Ramin mariƙin ana faɗaɗa shi da magagari mai sirancewa har ya zauna daram. Idan ya yi sako-sako, gam ba zai gyara shi ba, bayan 'yan watanni zai fara ƙara a hannu.

Tsawon mariƙi yana cikin dalilan da suka sa mutane ke neman sandar da aka haɗa da hannu tun farko. Wanda ke fatsa a zaune cikin ƙaramin kwale-kwale gajere yake so, don kada ya riƙa tokarar cikinsa, mai cilli daga bakin teku kuma dogo yake so, na hannu biyu.

Zobba da naɗi

Nan ne aikin yake. Zobban zamani suna da firam na ƙarfen da ba ya tsatsa ko na titaniyom, da ƙawanyar tangaran a ciki wadda igiya ba ta iya ci. Kamfanin Fuji na Japan ya yi fice wajen ƙera su. Ƙa'idar da aka saba da ita ita ce zobe ɗaya ga kowace ƙafa ta tsawon sanda, ban da na tsini, amma wannan mafari ne kawai. Mai haɗawa yakan manna zobban na wucin gadi da salatif, ya zura igiya, ya ɗaure wani abu mai nauyi, ya lanƙwasa sandar, ya tsaya daga gefe yana kallo. Abin da yake nema shi ne igiyar ta bi bakan sandar ba tare da kusurwa mai kaifi ba. Inda ta yi gwiwa sai ya matso da zobe, inda zobba suka cunkushe sai ya cire ɗaya. Zoben da ke kusa da tsini, ko da bai kai giram guda ba, hannu ya fi jin sa fiye da giram goma a gindi.

A sandar da kwarkwaronta ke rataye a ƙasa, zobban ma a ƙasa suke. A wadda yake zaune a sama, suna sama, kuma idan babban kifi ya ja, sandar takan nemi juyawa a hannu. Wasu masu haɗawa suna magance haka da jeri mai zagaye: zoben farko a sama, na gaba su karkata kaɗan-kaɗan har su koma ƙasa. Yana kama da kuskure a ido, shi ya sa masana'antu ba su cika yin sa ba, amma yana aiki.

Ba a ɗaure zobe da ƙulli. Da farko ana goge ƙafarsa da magagari ta yi gangara, don zare ya hau ba tare da tuntuɓe ba. Sai a ɗora bakin zaren nailan ko na siliki a jikin sandar, a juya sandar zaren ya hau kan bakinsa ya danne shi, a ci gaba da juyi, kowane zagaye na manne da na bayansa. Idan saura zagaye 6 zuwa 8 a gama, sai a kwantar da ɗan madaukin wani zaren a ci gaba da naɗi a kansa. A ƙarshe a yanke zaren, a zura bakinsa cikin madaukin, a ja. Bakin zai shige ƙarƙashin naɗin ya ɓace, a datse ragowar da sabuwar reza. Ƙarfin jan zaren shi ne abin da littafi ba ya koyarwa sosai. Gwajin da aka sani shi ne, bayan naɗi, zoben ya yarda ya ɗan motsa idan an tura shi da babban yatsa, don a iya daidaita layinsa da sauran.

Wasu suna ƙawata gindin sandar da saƙar zare kala-kala, har da siffar kifi ko tuta, aikin da kan ci kwanaki. Kifi bai san da shi ba, amma shi ne abin da mai saye ke fara kallo.

Bayan naɗi ana shafe zaren da gam mai haske na efoksi, mai ruwa biyu da ake aunawa daidai da sirinji. Idan ɗaya ya rinjayi ɗaya, shafin zai zauna da danƙo har abada. A hankali ake gauraya shi don kada ya yi kumfa, a shafa da ƙaramin buroshi, sannan a ɗora sandar a kan injin da ke juya ta sannu-sannu na sa'o'i, don gam ɗin kada ya taru a gefe guda. Maiƙon yatsa ko ƙura kaɗan sun isa su ɓata shi. Yawan taɓa ɗanyen efoksi yana jawo ƙaiƙayin fata da ba ya saurin barin mutum, don haka ake sa safar hannu.

Tsagaggiyar gora

Wannan reshe ne mai zaman kansa, kuma ya fi kusa da aikin kafinta. Ƙarfin gora yana cikin jijiyoyin da ke dab da bayanta, cikinta kuwa laushi ne. Don haka ake tsaga ta filla-filla, a gasa gaɓoɓin a danne su su miƙe, a fere kowane tsagi ya zama mai kusurwa uku, kowace kusurwa digiri 60, ba tare da an ci bayan ba. Ana yin firar ne a kan wasu dogayen ƙarafa biyu masu kwari a tsakani, waɗanda ake iya matsewa ko sassautawa a kowane inci 5, har kuskuren da ake yarda da shi bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na inci ba. Tsagi 6 idan suka haɗu sai su ba da sanda mai gefe 6. Ana karkasa gaɓoɓin don kada biyu su yi maƙwabtaka, tunda nan ne raunin gora. Sanda mai ɓangare biyu da ƙarin tsini na ajiya tsagi 18 ke nan, kuma na can ƙarshen tsini bai fi tsinken sakace kauri ba. Aikin yakan ci sa'o'i 40 ko fiye. Everett Garrison, injiniya ne da ya shigo da lissafi cikin tsara sirancewar sandar, kuma littafin da ya bayyana hanyarsa, wanda ya fito a 1977, ya buɗe wa mutane da yawa ƙofar sana'ar da a da ake ɓoye sirrinta.

A Japan hanyar daban ce. Masu yin sandar gargajiya ta Edo, tsohon sunan Tokyo, ba sa tsaga gora. Suna zaɓo gorori daban-daban da suka bushe shekaru, su gasa su a wuta su miƙar, su haɗa su gaɓa-gaɓa, su naɗe mahaɗar da siliki, su shafe da ƙaron bishiyar urushi sau da yawa. Kusan kowane irin kifi da sandarsa, har da wata 'yar ƙarama ta kamun kifin da bai kai tsawon yatsa ba.

Kulawa da gyara

Yawancin sandunan da suka karye ba kifi ne ya karya su ba. Ƙofar mota ce, ko taku, ko ɗaga sanda tsaye cak alhali kifi na ƙarƙashin ƙafa, wanda ke tara duk nauyin a kan tsini. Zaren kabon yana ɗaukar lantarki, saboda haka doguwar sanda hatsari ce a ƙarƙashin wayar wuta da lokacin tsawa. Zoben tsini da gam mai narkewa ake manna shi da gangan, don in ya lalace a ɗan ɗumama shi a zare a sa wani. Sauran zobban kuma ana gwada su da auduga: a zura ta cikin ƙawanyar a juya, idan ta bar zare a maƙale, tangaran ɗin ya tsage kuma yana cin igiya. Sai a yanke naɗin daga saman ƙafar zoben, inda reza za ta sauka a kan ƙarfe, a ɓare shi, a naɗa sabo.