Noman ganye a cikin gida ba tare da ƙasa ba: tambayoyin mai farawa

Wai da gaske shuka zata rayu a ruwa zalla?

Zata rayu har ta yi kyau, amma fa ba ruwa zalla ba ne, ruwa ne da aka narka abincin shuka a ciki. Ita ƙasa aikinta ta riƙe shuka kada ta faɗi, ta ajiye mata ruwa da sinadarai, sannan ta bar iska ta riƙa kaiwa ga saiwa. In ka samar da waɗannan ta wata hanyar to shikenan ƙasa ba ta da sauran aiki. Abin ba sabo ba ne, wani malamin jami'ar Kalifoniya a Amurka, William Gericke, shi ya yayata shi da sunan haidirofonik a 1937 bayan ya nome tumatir mai tsawon sama da mita 7 a ruwan taki. Yanzu haka galibin tumatirin da ake nomawa a gidajen gilas na Holan bai taɓa taɓa ƙasa ba.

Na ga ana haɗa fayif-fayif da famfo, dole sai da su?

A'a. Wancan na fayif ɗin da kake gani a bidiyo, ruwa ne siriri ke gudana ƙarƙashin saiwa ba tsayawa, kuma yana da kyau sosai in wuta ba ta yankewa. Matsalar ita ce da famfo ya tsaya na 'yan awoyi a lokacin zafi sai saiwa ta bushe, ka dawo daga kasuwa ka tarar komai ya kwanta. Ga wanda wuta take zo masa yadda ta ga dama gaskiya ba shi ne wurin farawa ba.

Abin da ya fi dacewa da mai farawa shi ne tsarin Kratky, sunan wani mai bincike ne a jami'ar Hawaii, Bernard Kratky. Ba famfo ba wuta ba komai. Ka samu bokitin fenti na lita 20 mai murfi ko tsohuwar kula, ka wanke shi tas, ka huda murfin daidai girman ƙaramin kofin roba, shi ma kofin ka huhhuda gindinsa da gefensa. Ka cika bokitin da ruwan taki har ya ɗan taɓa gindin kofin kamar santimita 1 ko 2, ka zaunar da dashenka a kofin, ka rufe. Latas ɗaya yana shan kamar lita 4 zuwa 6 daga dashe zuwa girbi, kaga bokiti ɗaya zai ɗauki guda uku cikin kwanciyar hankali.

To ba famfon iska, ya saiwa zata numfasa?

Nan ne dabarar take. Shuka na sha ruwa na sauka, sai a samu sarari tsakanin murfi da ruwa, saiwar da ke wannan sararin ita ke shaƙar iska, ta ƙasa kuma tana shan ruwa. Shi yasa babban kuskuren da mutane ke yi shi ne su buɗe su ga ruwa ya yi ƙasa tausayi ya kama su su cika bokitin fal. Wallahi nutsar da ita ka yi, cikin kwana ɗaya ko biyu zaka ga ta yi yaushi alhali tana zaune cikin ruwa. In dole sai ka ƙara to ka ƙara kaɗan, ka bar aƙalla rabin saiwar na sama a iska.

Zan iya zuba NPK ko yuriya na gona?

Wannan tambayar ce ke raba wanda zai ci latas da wanda zai ce abin ƙarya ne. Yuriya tana buƙatar ƙwayoyin halittar da ke cikin ƙasa su sarrafa ta kafin shuka ta amfana yadda ya kamata, a bokiti babu su da yawa. Shi kuma NPK 15-15-15 ba ya narkewa duka, kuma an yi shi ne da tunanin ƙasa zata cike sauran, wato kalsiyam da maganiziyam da ƙarfe da sauran ƙananan sinadarai. A ruwa in ba ka zuba abu ba to babu shi. Kashin kaji ko na shanu ma kar ka soma, ruɓewa zai yi ya cinye iskar ruwan ɗaki ya ɗau wari.

Ka nemi takin da aka yi musamman dan noman ruwa. Yakan zo kashi biyu, A da B, ko gari kashi uku: haɗaɗɗen taki mai narkewa, da kalsiyam naitret, da gishirin Epsom. Kar ka taɓa haɗa A da B suna da kauri, zaka ga wani farin abu ya kwanta a gindi, kusan irin sinadarin da ake POP da shi ne, kuma shuka ba zata iya shansa ba. Ka zuba A cikin ruwa mai yawa ka juya sosai, sannan B. Awo kuwa bi abin da ke jikin leda, kuma ƙaramin dashe rabin awo ya ishe shi.

Mene ne pH ɗin da ake ta faɗa?

Ma'aunin tsami ne na ruwa. Ana so ya tsaya tsakanin 5.5 da 6.5. In ya haura 7 ƙarfen da ke cikin takin ba ya shiguwa, sai ka ga sababbin ganye na fitowa ɗorawa-ɗorawa jijiyoyinsu kore, ka yi ta ƙara taki a banza. Ruwan wasu rijiyoyin burtsatse yakan yi sama haka, ruwan sama ya fi sauƙin sha'ani, na famfo kuma ka bar shi ya kwana a buɗe ƙanshin kulorin ya ragu. Takardar gwaji mai canza launi ta wadatar. Lemon tsami yana saukar da pH amma ba ya ɗorewa, ruwan saukarwa da ake sayarwa tare da takin ya fi. Akwai kuma mitar EC mai auna ƙarfin taki, latas wajen 1 zuwa 1.5, tumatir 2 zuwa 3.5, sai dai wannan zaka iya jira sai abin ya kankama.

A cikin ɗaki ina za a samu haske?

Ƙwan da ke rataye a silin ɗinka ba zai yi ba, idonka ne ke ganin ɗaki ya yi haske ita shuka duhu take ciki. Alamar kuwa zata yi tsawo siririya tana leƙen taga. Ko dai ka ajiye ta inda rana ke shigowa awa 5 zuwa 6, irin baranda ko bakin taga ta gabas, ko ka sa farin ƙwan LED mai ƙarfi kamar taƙi ɗaya saman ganye na awa 12 zuwa 16 kullum. Yi lissafi tun wuri: ƙwai mai wat 40 in ya yi awa 14 ya ci sama da rabin yunit a rana. In kana da sola ba damuwa, in janareta ne kuwa latas ɗin zai fi nama tsada. Mai tsakar gida ko rumfa ni ban ga dalilin da zai sa ya sayi ƙwai ba.

Zafi fa?

Shi ne babban abokin gaba. Saiwa ta fi son ruwa tsakanin digiri 18 da 24, da ruwa ya ɗumama iskar cikinsa raguwa take, daga nan saiwa ta koma launin ruwan ƙasa tana yauƙi tana wari. Lafiyayyar saiwa fara ce sol, dan haka ɗaga murfi ka duba duk bayan kwana biyu. Latas ma da kansa in zafi ya yi yawa sai ya miƙe ya fidda fure ya yi ɗaci, irinsa ma ba ya son tsirowa in an haura digiri 30. Mai zama Sakkwato ko Maiduguri ko Zinder da ya fara a Afrilu ya ɗora wa kansa wahala, ka fara da hunturu. In bazara ta shigo ka koma alayyahu, shi zafi bai dame shi ba, ka naɗe bokitin da jiƙaƙƙen buhu ko ka yi amfani da kula.

Ba zai tara sauro ba?

In a rufe yake ruf ba zai tara ba, ka toshe duk wani rami da soso. Haka ma haske kar ya shiga ruwan, in ba haka ba gansakuka zata cika shi ta riƙa cin takin. Farin bokiti ka fara naɗe shi da baƙar leda, sannan ka ɗora kwali a kanta.

Me zan fara shukawa?

Ganye. Latas, alayyahu, na'a-na'a, ɗaɗɗoya. Ka yanka soson katifa ƙanana, ka tsaga saman ka sa iri biyu, ka riƙa jiƙawa, da ganye na gaske biyu ko uku sun fito saiwa ta leƙo ta ƙasa sai ka mayar kofi. Ɓawon kwakwa da aka wanke ko ƙananan tsakuwa ma suna riƙe dashe. Latas daga dashe wata ɗaya zuwa sati shida ka fara tsinka. Tumatir da attarugu suna yi amma suna shan ruwa sosai, suna son haske mai ƙarfi, kuma a ɗaki ba ƙudan zuma sai ka riƙa girgiza furen da hannu. Dankali da karas da albasa kam bar wa gona.

Akwai kuɗi a ciki?

Da bokiti biyu a baranda babu, na miya da salak ne kawai, sai daɗin sanin da wane ruwa aka shayar da abin da kake ci ɗanye. Masu samun riba su ne masu babbar rumfa da suka riga suka sami otal ko babban kanti da zai riƙa karɓa, musamman lokacin da ganye ya yi wuya. A kasuwar unguwa ba zaka iya karya farashi da mai lambun fadama ba, shi ruwansa da ranarsa kusan kyauta ne. In wani ya ce ka turo kuɗi ya haɗa maka tsarin fayif ka fara kwasar riba wata mai zuwa, tambaye shi wa zai saya, nawa ne takin wata guda, kuma me zai faru ranar da aka ɗauke wuta tun safe.